Wata tara a wata cibiyar koyon magana a Makka, da rigimar sunan abin da ke tare da ɗana

Wata tara ke nan ina kai ɗana, mai lalurar otizim, wata cibiya mai zaman kanta a nan Makka, inda ake koya wa yara magana da mu'amala, kuma tun da matan unguwarmu ta wajen Sharar Mansur suka gane inda muke nufa duk Lahadi da Talata da Alhamis, ba a cika mako ba sai wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko wurin ya ci kuɗinsa. Na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan faɗi sunan cibiyar ba, domin akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu, kuma ma'aikatanta sun yi mini alherin da bai kamata in saka musu da tallar aibinsu ba. Sunan yaron ma ba zai fito ba, amma wannan dalilinsa daban ne, domin ɗan fari ne.

Wannan alkunyar ce ma ta fara haɗa ni da su. Ranar gwajin farko, ma'aikaciyar da ke cike takardu ta zaunar da shi a kan shimfiɗa, ta ce mini da Larabci in kira sunansa daga bayansa. Na ce, "Kai, zo nan." Ta ɗaga kai ta maimaita cewa sunansa take so in kira. Na yi shiru, ita kuma ta fara rubuta wani abu wanda na tabbata ba yabo ba ne, har sai da wata ustaza da ke tsaye a bakin ƙofa, Bahaushiyar Makka wadda kakanninta suka zo aikin hajji suka zauna, ta yi murmushi ta bayyana mata cewa a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Maigida ne ya kira shi, sau uku, da ƙarfi. Yaron bai waiwayo ba. Ya kifar da wata motar wasa yana juya tayarta da yatsa ɗaya, idonsa na kai kamar mai karatu. Sai ustazar ta koma can ƙarshen ɗakin ta murza ledar biskit a hankali, nan take ya juyo. Da wannan ƙaramin abu ta nuna mana cewa kunnensa lafiya lau yake, kuma tun daga ranar na san cewa in dai zan ci gaba da zuwa, saboda ita ne.

Abin da likitan asibiti ya rubuta mana kafin mu je shi ne ɗaifut tawahhud, wato abin da Turawa ke kira otizim. Amma kafin wannan takarda ta shigo gidanmu, yaron ya riga ya tara sunaye. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce nauyin baki ne kawai, ai babansa ma sai da ya shekara uku kafin ya haɗa kalma biyu, kuma rashin kallon ido da yake yi wa manya ta ɗauke shi a matsayin kunya da tarbiyya, har tana yaba mini a kai. Wata maƙwabciya ta ce shafar aljanu ce, wata ta ce kambun baka. Daga Kano, a waya, wata gwaggona ta sassauta murya ta tambaye ni ko na taɓa zuwa bakin rafi lokacin da nake da cikinsa, kuma ban bukaci ta furta "ɗan ruwa" ba kafin in gane inda ta dosa. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ni na ga hakan da idona, domin kowane suna akwai ƙofar da yake jan mutum zuwa gare ta: nauyin baki yana cewa a jira, shafar aljanu tana kai ka wajen mai ruƙiya, ɗan ruwa kuwa Allah Ya kiyaye inda yake kai wasu. Mun yi kusan shekara muna jira a ƙarƙashin sunan da Hajiya ta ba shi. Har yau ina yi masa tofi a ruwan zamzam kowane dare, kuma babu wanda ya taɓa ce mini in daina a cibiyar, abin da na ƙirga musu a cikin kyawawan halayensu.

Ginin kansa ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Hawa na biyu ne, ɗakunan ƙanana, an shimfiɗa roba mai laushi a ƙasa, an kuma cire dogayen fitilun nan masu ƙyaftawa da zuzu an sa waɗanda ba sa ƙara. Ɗakin jiran mata ya yi kaɗan, kuma na'urar sanyaya shi tana da rugugin da wasu yaran ba sa jurewa, sai ka ga uwa ta fita da ɗanta kan matakala suna jira a tsaye. Kowane zama, wanda suke kira jalsa, minti 45 ne, ana biya wata-wata kafin a fara, kuma mu masu iƙama, wato takardar zaman baƙi, daga aljihunmu muke biya. In ka makara, lokacinka ne ya tafi. In su suka soke zama, suna ramawa, amma sai ka bi sawu.

Aikin da ake yi masa iri biyu ne: tahaɗub, wato koyon magana da isar da saƙo, da kuma horon hannu da jiki. A ɓangaren farko sun fara da katunan hoto, tsarin da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a jihar Delaware ta Amurka a 1985, wanda a nan kowa ke kiransa "beks". Yaro yana miƙa hoton abin da yake so, a ba shi abin nan take, a kuma faɗi sunansa da baki. Da farko na raina abin, na ce a raina na biya kuɗi ne a koya masa magana, ba wasan kati ba. A mako na shida, da tsakar dare, ya tashe ni ta hanyar ɗora mini kati a fuska. Na kunna fitilar waya, sai na ga hoton kofin ruwa. Kafin wannan dare, in ƙishirwa ta tashe shi, kuka yake yi har sai mun lissafa duk abin da ke cikin gidan.

Babban kuskuren da aka yi mana shi ma a kan harshe ne. Wata ma'aikaciya, wadda ta riƙe shi na mako uku lokacin da ustazarsa ta tafi hutu, ta ce mu daina yi masa Hausa a gida baki ɗaya, wai harshe biyu yana rikita irinsu. Na dawo gida na yi kwana huɗu ina yi wa ɗan da na haifa Larabcin kasuwa, Hajiya kuma, wadda Hausa ce kaɗai take iya lallashi da ita, ta koma kallonsa kawai. Da ustazar ta dawo ta warware maganar, ta ce binciken da aka yi a kan yara masu tawahhud da ke tasowa da harshe biyu bai nuna cewa na biyun yana ƙara musu jinkiri ba, kuma yanke yaro daga harshen kakarsa asara ce tabbatacciya saboda tsoron abin da ba a tabbatar ba. Yanzu kowane kati akwai Larabci a samansa, ni kuma na rubuta Hausa a ƙasa da biro. Abin da ya dame ni shi ne a ce cibiya ɗaya tana ba da shawara biyu masu karo da juna, alhali yawancin iyayen da ke ɗakin jira ba Larabci suke yi a gida ba.

Abin da ya fi komai amfani a wajena, kuma ba a karɓar ko riyal ɗaya a kansa, shi ne zaman iyaye mata na safiyar Asabar, sau biyu a wata. A nan ne rigimar kalmomi ta tashi, kuma ni ce na tayar da ita ba da niyya ba. Na ba da labarin ƙanwar maigida, 'yar sakandare, wadda ranar da baƙi suka cika gida ta shige ɗaki ta rufe ƙofa tana cewa, "Ku ƙyale ni, yau ni mutawahhida ce," wato mai tawahhud. Ta faɗa tana dariya, ɗana kuwa yana zaune a ƙofar ɗakin yana jera takalman baƙi a layi. Ashe kowace uwa a wurin tana da irin wannan labari. Wata ta ce a makarantar babban ɗanta kalmar ta zama zagi, duk wanda ya yi wauta a filin ƙwallo sai a ce masa "ya mutawahhid". Wata ta ce a TikTok da Snapchat matasa sun mayar da ita ado, duk mai son zaman ɗaki da wasan waya sai ya laƙaba wa kansa. Wata kuma ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne masu lallashi, waɗanda ke cewa ai kowa ma yana da ɗan tawahhud a jikinsa, domin ita ba ta ga kowa yana kwana a zaune da ɗan shekara tara da ba ya barci ba.

Ustaza ba ta yanke hukunci nan take ba, sai ta koma asalin kalmar. Wani likitan Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya fara amfani da ita a 1911, daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", kuma a kan wata cuta daban yake magana. A 1943 Leo Kanner, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ya ɗauko ta ya bayyana yara 11 da ya lura da su. Larabawa da suka zo fassarawa sai suka ɗauko ta daga tushen kaɗaici. Saboda haka, in ji ta, kalmar tun daga haihuwarta take nuna ɓangare guda kaɗai, kuma ba ma shi ne mafi girma ba. Wannan magana ta zauna mini, domin ɗana ba mai son kaɗaici ba ne ko kaɗan. Yana bin ƙafata daga madafa zuwa banɗaki, yana son mutane, hanyar shiga cikinsu ce bai sani ba, kuma ƙarar da suke yi tana yi masa ciwo.

A nan ne na tsayar da nawa ra'ayin, kuma har yanzu ina kansa. Zagi da kalmar haramun ne a gidana, babu tattaunawa. Wasan da ƙanwar maigida ta yi kuwa ban ɗauke shi mugunta ba, amma yana da ɓarna, domin yana ƙara kafa ma'anar da take kuskure. In kowa ya yarda cewa tawahhud shi ne son zaman ɗaki, to ranar da na ce wa malamin makaranta ɗana mai tawahhud ne, abin da zai ji shi ne yaron miskili ne, ya kuma yi masa maganin miskilanci. Kalmar nan ita ce takardar da nake nunawa a asibiti da filin jirgi da wajen aski domin a yi mana uzuri, kuma in ta zama abin wasa a bakin kowa, ni ce zan isa ƙofa in tarar ba ta buɗe komai. Sai dai wata uwa, mai 'ya mace 'yar shekara goma sha ɗaya, ta ja mini birki. Ta ce ana gano abin a yara maza kusan ninki huɗu na mata, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne 'yan mata da yawa suna koyon ɓoyewa, suna kwaikwayon ƙawayensu har su gaji su dawo gida su zube. Tata 'yar sai da ta shekara tara aka gano. Ta ce kafin in tsawata wa yarinyar da ke gudun baƙi, in fara tambayarta me take ji idan gida ya cika. Na tambaye ta daga baya. Ta ce ba komai, wanke-wanke take gudu. Amma tambayar ta cancanci a yi ta.

Inda na saɓa da cibiyar shi ne a kan kalmar inhiyar, wato rushewa. Suna amfani da ita ga halin da yaro ke shiga idan ƙara da haske da cunkoso suka fi ƙarfinsa, kuma suna so iyaye su tsare ta kada a yi amfani da ita ga wani abu. Bambancin da suke koyarwa gaskiya ne, na kuma gan shi. Wata rana a wani babban kanti, lasifika ta yi ƙara ba zato, ɗana ya toshe kunnuwa ya faɗi ƙasa yana buga ƙeya. Wata dattijuwa Bahaushiya ta matso ta ce, "'Yata, wannan bori ne, ki tsula masa ɗaya zai tashi." Na ce, "Inna, ba bori ba ne," amma ba ni da kalmar da zan ba ta a madadinsa. Yaron da ke bori akwai abin da yake nema, yana satar kallonka ya ga ko ka karaya, kuma da ka miƙa masa alewar ya share hawaye. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ba ya ganin kowa, ko kantin duka ka ba shi ba zai tsaya ba, sai an fitar da shi wurin da babu ƙara, kuma bayan ya lafa sai ya yi laushi kamar wanda ya yi zazzaɓi. Ga kuma nauyin da kalmar bori ke ɗauke da shi a kunnen Bahaushe, wanda ke mayar da mu wajen iskoki ko ba mu nufa ba. Duk da haka, inhiyar kalmar Larabci ce ta kowa da kowa, ana faɗinta ga gini da kasuwa da zuciyar babban mutum tun kafin a buɗe cibiya ko ɗaya, kuma ba na ganin adalci ne a aro kalma daga bakin jama'a sannan a hana su ita. Ɗalibar da ta ce ta yi inhiyar saboda jarrabawa ba ta ƙwace wa ɗana komai ba.

Wani abin da aka ɓata zama guda a kansa shi ne ko a ce "yaro mai tawahhud" ko a siffanta shi da kalmar kai tsaye. A ƙasashen Turanci wannan babbar muhawara ce. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2016, wanda ya ji ra'ayin mutum fiye da 3,000, ya nuna cewa ma'aikata sun fi son a fara ambaton mutum sannan lalurar, yayin da da yawa daga cikin manyan da ke da ita suka fi son a kira su da ita, domin a ganinsu ba kaya ba ce da suke ɗauke da ita, yadda aka halicce su ne. Ina saurare ina jin cewa Hausa ta riga ta raba wannan gardama da ƙaramar kalmar nan "mai". Muna cewa mai ciwon suga, muna kuma cewa mai haƙuri da mai gida. Kalma ɗaya ta ɗauki abin da ya same ka da abin da kake. Tamu matsalar tana wani wuri. Kafofin labarai na Hausa sun fi cewa galahanga, kuma sau da yawa da "cutar" a gabanta, alhali ni na taso ina jin ana kiran yara masu lalurori daban-daban da wannan suna, har da masu lalurar Down, kuma ana zagi da shi. Turawa da Larabawa suna kukan kalmarsu ta yi yawo har ta suɗe, mu kuwa tamu tun asali buhu ce da aka zuba komai a ciki. Shi ya sa a gida na zaɓi in ce tawahhud, duk da aibinta, in kuma ce lalura maimakon cuta, domin duk wanda na ce wa cuta, tambayarsa ta gaba ita ce wane magani aka gwada.

Hukumomi ma ba su daidaita ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma cewa as'habul himam, wato ma'abota himma, ga masu naƙasa tun 2017, dokar Saudiyya ta 2023 kuwa ta tsaya a kan "mutane masu naƙasa", kuma littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya shafe sunan Asperger a matsayin rukuni mai zaman kansa a 2013, ya haɗe komai a ƙarƙashin suna ɗaya mai mataki uku gwargwadon taimakon da mutum ke bukata. Kalma tana iya mutuwa in an dage, ko da a hankali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da "mongoli" ga masu lalurar Down tun 1965, amma na ji ta da kunnena a ɗakin jiran wannan cibiya.

Wannan ya kawo ni ga ƙorafina na ƙarshe, wanda ya fi mini ciwo fiye da kuɗi. Wurin da ke gyara wa iyaye baki da safiyar Asabar shi ne wurin da mai karɓar baƙi ke ɗaga waya ta ce "hala ta ƙarfe huɗu ta iso", wato ɗana ba yaro ba ne, matsala ce mai lamba. Rahoton wata uku da suka ba ni ya fara da cewa yaron "yana fama" da tawahhud, ya kuma lissafa kaɗa hannun da yake yi a cikin halayen da za a kawar, alhali ustazarsa da bakinta ta gaya mini cewa wannan rafrafa, kamar yadda suke kiranta, hanyarsa ce ta kwantar da jikinsa, kuma in ba ta cutar da shi a bar masa abinsa. Yana yin ta ne idan ya ji daɗi, musamman in ya hango tattabarun da ke sauka a harabar Harami. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun ƙarshen 2007 bisa shawarar Ƙatar, sun cika bango da balan-balan shuɗaye, suka kuma kunna waƙa da lasifika a ginin da rabin yaransa ke toshe kunne in an ja kujera.

Ga wadda ta tambaye ni ko ta kai nata, amsata ita ce ta kai, amma ta nemi a nuna mata wadda za ta riƙe yaron kafin ta biya, ta tambaya ko ita ce za ta ci gaba da shi, ta nemi a bar ta ta kalli zama ɗaya a wata, kuma kada ta yarda a raba ɗanta da Hausa. Ta kuma sani cewa a Ramadan ana mayar da zaman dare, a kwanakin hajji kuma ana rufewa, don haka ta roƙi aikin gida tun da wuri.

Mun sabunta rajista na wata uku. Kafin in sa hannu na mayar musu da rahoton, na ja layi a ƙarƙashin wurare biyu, na roƙi a gyara. Sabon da aka ba ni ranar Alhamis an cire kaɗa hannun daga jerin abubuwan da za a kawar, amma "yana fama" tana nan a layin farko, wai haka fom ɗin yake a kwamfuta. Hajiya, da na karanta mata, ta ce ita dai har yanzu nauyin baki ta sani, sannan ta miƙa hannu ta karɓi katin da jikanta ke tura mata, ta ɗaga shi kusa da ido ta ga hoton dabino ne, ta tashi ta nufi madafa.